Giris ɗin Silaid na Ƙaramar Bindiga

Giris ɗin silaid shi ne maiƙo mai kauri da ake shafawa a wuraren da ƙarfe ke gugar ƙarfe a jikin ƙaramar bindiga mai ɗura wa kanta harsashi, wato fistol. Silaid kuwa shi ne murfin ƙarfen nan na sama da ya lulluɓe bututun bindigar. Duk harbi ɗaya sai ya ja da baya, ya fizgo kwanson harsashin da aka harba ya yar, sannan sifirin ya komo da shi gaba ya cusa sabon harsashi cikin bututu. Zuwa da dawowar duka ba sa kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Wannan kai-komo yana yin sa ne a kan wasu siraran layuka da ke jikin gangar bindigar, waɗanda ake kira rel, kuma a kansu ne mafi yawan aikin giris yake. Libarba, mai gidan harsashi da ke juyawa, ba ta da silaid, saboda haka batun bai shafe ta ba.

Zaɓen giris bai rataya a kan sunan kamfanin da ke jikin gwangwani ba. Abin da ke yanke hukunci shi ne irin ƙarfen da aka ƙera gangar bindigar da shi, da tsawon rel ɗinta, da ƙarfin harsashinta, da kuma sanyi ko ƙurar wurin da za ta yi aiki.

Abin da ke cikin giris

Giris ruwan mai ne da aka ɗaure. Mafi yawansa, sama da kashi 70 cikin ɗari a galibin nau'o'i, mai ne na fetur ko wanda aka haɗa a masana'anta. Sauran shi ne sinadarin da ke riƙe man kamar yadda soso ke riƙe ruwa, da ɗan abin ƙari na hana tsatsa da rage cin ƙarfe. Idan ƙarfe ya danne giris sai ya saki mai, idan nauyin ya ɗaga sai ya sake tsotse wani ɓangare. Man ne ke sa santsi. Shi mariƙin aikinsa tsare man a inda aka ajiye shi.

Mariƙin da ya fi yawa a duniya sabulun litiyam ne, wanda wani injiniya Ba'amurke, Clarence Earle, ya yi wa rajistar mallaka a 1942. Akwai na kalsiyam, wanda ya shahara wajen jure ruwa, akwai na alminiyam, akwai kuma waɗanda ba sabulu ba ne, irin su yumɓun bentonait da garin PTFE, wato robar nan mai santsi da ake shafe tukwane da ita don kada abinci ya kama. Na sabulun kowanne da zafin da yake narkewa ya saki mansa: na litiyam zalla wajen digiri 190 a ma'aunin Salsiyas, na litiyam mai haɗi kuwa ya wuce 250. Masu sayarwa na son rubuta wannan lamba da manyan baƙaƙe, amma ga fistol ba ta da wani nauyi, domin rel ba ya kusantar irin wannan zafi ko da an yi ta harbi ba ƙaƙƙautawa.

Dalilin fifita shi a kan ruwan mai

A cikin injin da sandarsa ke juyawa ba tsayawa, gudun da kansa yana jan mai ya shiga tsakanin ƙarafa biyu ya raba su, har ba sa taɓa juna. Silaid ba ya samun wannan gata. Daga tsaye yake fizga, ya bugi ƙarshe ya tsaya cik, ya juyo. A kowane tashi da kowace juyawa ƙarafan na haɗuwa kai tsaye, abin da ya maƙale a fuskarsu kaɗai ke kare su. Ga shi kuma bindiga kan yi makonni a cikin kube, bakinta na kallon ƙasa. Ruwan mai marar kauri yakan tsiyaye ko ya bushe, a wayi gari rel ya yi ƙayau, alhali mai ita yana zaton da mai a jiki.

Sojojin Amurka sun koyi wannan darasi a kan babbar bindigarsu M1 Garand, wadda suka ɗauka a 1936. An gano cewa ruwan sama mai yawa na wanke mata mai har sassan da ke zamewa su cije. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sai aka koma shafa mata giris ɗin Lubriplate 130-A, ana ba soja ɗan ƙaramin kwano da yake ajiyewa a cikin gindin bindigar. Tsohuwar ƙa'idar da maƙeran bindiga ke maimaitawa ta dace da wannan: abin da ke zamewa a sa masa giris, abin da ke juyawa a ɗiga masa mai.

Duk da haka ba doka ba ce. Sojoji da 'yan sanda da dama ruwan mai guda suke amfani da shi wajen wanki da santsi da hana tsatsa, wanda ake kira CLP, kuma bindigoginsu na aiki, muddin ana sabunta shi a kai a kai.

Tauri da kauri ba abu ɗaya ba ne

A nan ne mutane suka fi ruɗewa. Taurin giris shi ne yadda yake tsayawa a yatsa, kuma ana auna shi da lambobin cibiyar NLGI ta Amurka, wadda aka kafa a 1933. Lambobin sun tashi daga 000, mai kusan zuba kamar ruwa, zuwa 6, mai kama da dunƙulen sabulu. Yadda ake gwajin shi ne a tuƙa giris sau 60, a kai shi digiri 25, a saki wani mazurari mai tsini ya nutse a cikinsa na daƙiƙa 5, a auna zurfin da ya kai. A lamba 2 yana nutsewa milimita 26.5 zuwa 29.5, a lamba 1 milimita 31 zuwa 34, a lamba 0 kuwa 35.5 zuwa 38.5. Giris ɗin ƙafar mota da kowa ya sani lamba 2 ne.

Kauri kuma na man da ke ciki ne, kuma lambar NLGI ba ta faɗin komai a kansa. Ana iya samun giris biyu duka lamba 1, ɗaya da mai siriri a ciki, ɗayan da mai mai danƙo. A yatsa kusan ɗaya suke, a cikin sanyi kuwa sai na biyun ya riƙe silaid kamar an sa masa gam. Giris ɗin mota an yi shi ne don nauyi da zafi, shi ya sa mansa ke da kauri, sau da yawa tsakanin 100 da 220 a ma'aunin santistok a digiri 40. Wanda zai zaɓa da ilimi sai ya nemi takardar bayanin kayan ya duba wannan lamba, da mafi ƙarancin zafin da aka ce giris ɗin na aiki a cikinsa. Kamfanin da ya ɓoye waɗannan lambobi biyu ya ɓoye abin da ya fi muhimmanci.

Ga yawancin fistol, giris mai laushi, lamba 0 ko 1, mai siririn man masana'anta irin na PAO, shi ya fi dacewa. Lamba 2 yana yi wa bindiga mai ƙarfin harsashi a lokacin zafi. Fistol mai harsashin .22 kuwa ƙarfin da ke tura silaid ɗinta kaɗan ne ƙwarai, ɗan danƙo ya isa ya hana shi kai ƙarshen tafiyarsa, sai kwanso ya maƙale ko sabon harsashi ya ƙi hawa. Irin wannan bindiga, ruwan mai siriri ya fi mata.

Ƙarfen gangar jiki

Bindigar da ta fi buƙatar giris ita ce mai gangar alminiyam da silaid na baƙin ƙarfe, irin SIG Sauer P226 da Beretta 92, wadda sojojin Amurka suka ɗauka a 1985 da sunan M9. Alminiyam ya fi ƙarfe laushi. Abin da ke kare shi wata fata ce mai tauri da ake gina masa da lantarki, wadda kaurinta bai wuce na gashin kai ba. Muddin fatar na nan, rel na nan. Da zarar ta cinye, farin alminiyam ya bayyana, sai ci ya yi sauri, kuma gangar ita ce sashen da ba a sauyawa cikin sauƙi. Mai irin wannan bindiga ya kamata ya riƙa duba launin rel duk lokacin wanki.

Ƙarfe marar tsatsa matsalarsa daban ce. Idan guda biyu masu tauri iri ɗaya suka gogi juna a bushe, fuskokinsu kan manne, su yage, ƙarfe ya tattaru ya yi ƙuraje har silaid ya cije. Fistol na farko-farko da aka yi da wannan ƙarfe gaba ɗaya, a shekarun 1970, sun sha fama da haka. Masana'antu sun rage matsalar ta hanyar bambanta haɗi da taurin silaid da na ganga, amma har yanzu irin wannan bindiga ba ta son bushewa ko kaɗan.

Ƙirar M1911 ta John Browning, wadda sojan Amurka ya ɗauka a 1911, tana da dogayen rel na ƙarfe. Waɗanda aka ƙera don gasa ana matse su sosai, har giris mai tauri ba ya samun wurin zama, sai dai ya rage wa silaid gudu. Su giris mai laushi ƙwarai ko ruwan mai mai ɗan kauri suke so. Haka CZ 75 ta 1975, wadda silaid ɗinta ke gudu a cikin ganga maimakon ya rungume ta daga waje.

Masu gangar roba, waɗanda Glock 17 ta yaɗa tun farkon shekarun 1980, ba su da dogon rel. Ƙananan harsuna huɗu ne na ƙarfe aka dasa a cikin robar, wurin gugar ɗan kaɗan ne, ɗigon mai ya wadatar. Sabuwar Glock takan zo da wani maiƙo mai launin jan ƙarfe a cikin silaid, kuma littafin kamfanin ya ce a bar shi, kada a goge.

Abubuwan ƙari

Molibdinam daisalfaid, baƙin garin da ake taƙaitawa da moli, yana jure matsi mai tsanani tsakanin ƙarfe da ƙarfe, sai dai yana ɓata tufafi da hannu, kuma baƙinsa na ɓoye dattin albarushi har mutum ya kasa gane lokacin wanki. PTFE fari ne, ba ya ɓata kaya, shi ke cikin giris irin TW25B. Girafait kuwa, wato baƙin abin nan da ke cikin fensir, a nisanta shi da gangar alminiyam: idan danshi ya shiga tsakaninsu, musamman mai gishiri, sai su zama kamar batir, alminiyam ɗin ya riƙa ciwuwa. Wasu sinadaran jure matsi masu ƙibiritu suna dusar da tagulla da jan ƙarfe. Giris ɗin silikon yana da kyau ga roba, amma rauni gare shi tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Basilin ba giris ba ne, ba shi da mariƙi, ɗan zafi ke narkar da shi.

Ba a cakuɗa giris biyu masu mariƙi daban. Na litiyam da na yumɓu, alal misali, idan suka haɗu sukan saki jiki su tsiyaye. Mai son sauya iri sai ya wanke tsohon tas.

Sanyi da ƙura

Sanyi ne babban abokin gabar giris. A yaƙin Koriya, a kewayen tafkin Chosin a ƙarshen 1950, maiƙo ya daskare a jikin makamai har da yawa suka ƙi tashi. Littattafan sojan Amurka sun tanadi wani siririn mai na musamman, LAW, don sanyin da ya wuce digiri 23 ƙasa da sifili. Tun kafin a kai can, da zarar ruwa ya fara ƙanƙara, giris lamba 2 mai man fetur ya zama abin zargi. Gwaji mai sauƙi shi ne a shafa shi a kan ƙarfe, a sa a injin ƙanƙara na gida, wanda yawanci ke kai digiri 18 ƙasa da sifili, a kwana, a taɓa da safe.

Yashi da ƙura kuma suna manne wa giris su zama kamar garin wasa wuƙa. Wannan bai sa bushewa ta zama mafita ba, domin busasshen ƙarfe mai ƙura ya fi saurin cijewa. Abin yi shi ne shafa kaɗan, a cikin rel kawai, a bar wajen bindigar a bushe, a yawaita gogewa da sabuntawa.

Yadda ake shafawa

Kafin komai a cire gidan harsashi, a ja silaid baya, a duba cikin bututu da ido, a tabbatar da yatsa cewa babu harsashi, a kuma fitar da harsasai daga wurin aikin. Bayan an kwance an goge, bindigar da kanta za ta nuna inda take so: duk wurin da launi ya koɗe yana ƙyalli, nan ne ake guga. Galibi rel ne, da bayan bututu inda yake shiga bakin silaid, da kafaɗarsa ta sama, da haƙoran da ke kulle shi. Da ɗan buroshi ko tsinken auduga ake shafawa, siriri yadda za a riƙa hango ƙarfen ta cikinsa. Sai a haɗa, a ja silaid sau da yawa, a goge abin da ya fito ta baya. Idan yana fantsama a fuska ko tabarau lokacin harbi, ya yi yawa.

Akwai wuraren da giris ba ya shiga sam. Ramin allurar da ke bugun harsashi a bushe ake barinsa, domin maiƙo a ciki na tara datti ya rage ƙarfin bugu, bindiga ta ƙi tashi. Haka cikin bututu da mazaunin harsashi da cikin gidan harsashi. Sabon giris ba a amince masa sai an gwada shi a filin harbi, da harsashin da aka saba sawa, a irin yanayin da bindigar za ta yi aiki. Wadda aka ajiye ba a harbawa ma ana buɗe ta lokaci-lokaci: idan giris ya bushe ya yi ɓawo, ko ya koma danƙo, man ya rabu da mariƙinsa ke nan, sai a wanke a sa sabo. Dattin da ke fita wajen wankin yana ɗauke da dalma, don haka a wanke hannu da sabulu bayan an gama.