Ɗaukar hoton mawaƙan rok a rangadi

Ɗaukar hoton mawaƙan rok a rangadi sana'a ce ta bin ƙungiyar makaɗa gari-gari, wani lokaci ƙasa-ƙasa, ana ɗaukar hotunansu a kan dandamali da bayan dandamali, a cikin mota, a otal da filin jirgi. Sana'ar ta kafu ne a Birtaniya da Amurka a shekarun 1960, lokacin da kiɗan rok, wato kiɗan ganguna da jita mai aiki da lantarki, ya zama babbar kasuwa, jaridu da mujallu kuma suka shiga neman hotunan taurarinsa ruwa a jallo.

Masu wannan aiki kashi biyu ne. Akwai wanda jarida ko mujalla ta turo, ya bi ƙungiyar kwana biyu ko mako guda ya koma ofis. Akwai kuma wanda ƙungiyar da kanta ta ɗauka, yana cikin ayarinta kamar mai gyaran jita ko mai kula da fitilu, ita ke biyansa, ita kuma ke da ta cewa kan hoton da zai fita. Jarin duka biyun ɗaya ne, wato kusanci da mawaƙan. Kyamara mai tsada kowa na iya saya, amma shiga ɗakin da mawaƙi yake kwance a gajiye da tawul a ka sai wanda aka yarda da shi.

Tarihi

A watan Janairun 1964 jaridar Daily Express ta tura Harry Benson, ɗan Sukotland, zuwa Paris don ya bi ƙungiyar Beatles. A otal ɗin George V ya ɗauki hoton da ya yi masa suna: samarin huɗu cikin kayan barci suna jifar juna da matashin kai, a daren da suka ji labarin waƙarsu ta hau matsayi na ɗaya a Amurka. Ranar 7 ga Fabrairu ya sauka tare da su a New York, daga baya ma ya mayar da Amurka gida.

A ɓangaren Amurka, sunan da ya fi fitowa shi ne Jim Marshall (1936 zuwa 2010). Shi kaɗai ne mai hoton da aka bari ya shiga bayan dandamali a wasan ƙarshe na rangadin Beatles a filin Candlestick Park na San Francisco, ranar 29 ga Agustan 1966. Ya ɗauki Jimi Hendrix yana cinna wa jitarsa wuta a bikin Monterey na 1967, ya bi Johnny Cash cikin gidajen yarin Folsom a 1968 da San Quentin a 1969, ya kuma bi Rolling Stones a 1972 a madadin mujallar Life. An san shi da sharaɗi guda: ko a bar shi ya shiga ko'ina, ko a nemi wani. A 2014, bayan rasuwarsa, hukumar da ke ba da lambobin yabo na kiɗa na Grammy ta ba shi lambar girmamawa, kuma shi ne mai hoto na farko da ya samu irinta.

Shekarun 1970 su ne lokacin da ƙofa ta fi buɗuwa. Manyan ƙungiyoyi sun koma wasa a filayen ƙwallo, kuɗi ya shigo, ayari ya ƙaru. Led Zeppelin sun yi hayar jirgin sama ƙirar Boeing 720 mai laƙabin Starship a 1973 da 1975. Bob Gruen ya ɗauke su tsaye a gabansa, Neal Preston kuma ya zama mai hotonsu na rangadi, kafin daga baya ya daɗe yana bin Queen. Mick Rock ya manne wa David Bowie a 1972 da 1973. Ethan Russell yana tare da Rolling Stones a 1969, har da mummunan wasan Altamont na 6 ga Disamba inda aka kashe wani ɗan kallo a kusa da dandamali.

Labarin Annie Leibovitz ya nuna ribar kusanci da kuma tsadarsa. Ta fara aiki da mujallar Rolling Stone a 1970, ta zama babbar mai hotonta a 1973. A 1975 Mick Jagger, mawaƙin Rolling Stones, ya gayyace ta ta zama mai hoton ƙungiyarsa a rangadin Amurka, ta amsa duk da mai mujallar bai so ba. Ta dawo da hotunan da suka yi fice, amma ita da bakinta ta faɗa cewa ta dawo da jarabar shan ƙwaya wadda ta ɗauke ta shekaru kafin ta rabu da ita. Zama da maɗaukin kanwa, in ji Bahaushe, shi ke kawo farin kai.

Hoto ɗaya daga Palladium

A Satumbar 1979 Pennie Smith, mai yi wa jaridar kiɗa ta NME aiki a Landan, tana bin ƙungiyar Clash a Amurka. A zauren Palladium na New York tana tsaye a gefen dandamali, dab da Paul Simonon mai kaɗa jitar bes, wato jita mai kaurin sauti. Ransa ya ɓaci saboda masu gadi sun hana 'yan kallo tashi daga kujerunsu. Ya cire jitar daga wuya, ya kama ta da hannu biyu kamar mai faskare, ya tanƙwara zai maka ta da ƙasa. Smith tana ja da baya don kada ya same ta ta danna kyamara. Hoton ya fito dishi-dishi, ita ma ba ta so a yi amfani da shi ba, amma Joe Strummer, mawaƙin ƙungiyar, ya nace. Hoton ne ya zama bangon faifan ƙungiyar mai suna London Calling a Disambar wannan shekara, kuma a 2002 mujallar Q ta zaɓe shi a matsayin hoton rok mafi fice. Mai hoton da aka tsayar a ƙasa aka kuma sallame shi bayan minti goma ba zai taɓa samun wannan hoto ba, domin abin ya faru ne can wajen ƙarshen wasa, kuma daga gefen dandamali aka gan shi.

Ƙa'idar waƙa uku

Daga shekarun 1980 aka fara matse hanya. Ƙa'idar da ta zama ruwan dare ita ce: waƙoƙi uku na farko, ba filashi, wato hasken kyamara mai walƙiya. Ana shigar da masu hoton jaridu cikin siririn lungun da ke tsakanin dandamali da shingen 'yan kallo, wanda suke kira rami, su yi abin da za su yi cikin minti goma zuwa sha biyar, sannan masu gadi su raka su waje. Dalilan da ake bayarwa su ne filashi yana kashe wa mawaƙi ido, masu hoto suna tare wa na gaba kallo, kuma taurari ba sa son a ɗauke su bayan zufa ta ɓata musu kwalliya. Wasu manyan mawaƙa ma ba sa yarda da rami, sai dai a tsaya can tsakiyar fili kusa da teburin mai sarrafa sauti a yi aiki da dogon gilashin kyamara mai janyo abin da ke nesa.

Wannan ƙa'ida ba ta shafi mai hoton ƙungiya ba. Shi yana rataye da kati mai ba shi izinin shiga ko'ina, yana iya laɓewa bayan mai ganga ya ɗauko mawaƙi ta baya da tekun jama'a a gabansa. Abin da ya bayar a madadin haka shi ne 'yancinsa: hoton da maigida bai so ba, ba zai ga rana ba.

Kayan aiki

Matsalar dandamali ita ce haske. Ga duhu, ga fitilu masu sauya launi a kowace daƙiƙa, ga mawaƙi ba ya tsayawa wuri ɗaya. A zamanin fim, yawancin masu hoton baƙi da fari sun dogara da fim ɗin Kodak Tri-X mai lamba 400 a ma'aunin saurin kama haske, suna ɗauka kamar mai lamba 1600, sannan su ƙara masa lokaci a wajen wanki. Daga nan ne ɗige-ɗigen da ake gani a hotunan wancan zamani suka samo asali. Kowane naɗin fim hoto 36 yake ci, kuma mutum ba ya sanin abin da ya samu sai an wanke, watakila a wani garin.

Yau akan riƙe kyamara biyu, ɗaya da gilashi mai milimita 24 zuwa 70, ɗaya da mai 70 zuwa 200, don babu lokacin sauyawa a cikin rami. Jan haske shi ne babban maƙiyi, domin yana shafe fuska ta zama kamar an shafa mata janbaki. Hoton da ja ya ɓata sau da yawa mayar da shi baƙi da fari ake yi a ceto shi. Sai abin toshe kunne. Ƙarar wasan rok takan kai desibel 100 zuwa 110 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), alhali ma'aunin lafiyar ma'aikata desibel 85 ne na awa takwas, kuma rami yana dab da lasifika. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a 2022 cewa kada matsakaicin ƙarar wuraren kiɗa ya wuce desibel 100.

Rayuwa a kan hanya

Ƙananan ƙungiyoyi a ƙaramar bas suke tafiya, kayan kiɗa a baya, kuma mai hoto yakan haɗa da sayar da riguna da faifai a bakin ƙofa, ko ya karɓi tuƙi idan direba ya gaji, don ba su da kuɗin ɗaukar mutum saboda hoto kawai. Waɗanda suka yi ƙarfi suna hayar doguwar bas mai gadaje kusan 12, hawa-hawa kamar na makarantar kwana, kowanne da ɗan labulensa. Dokokin bas sanannu ne a cikin sana'ar: a kwanta ƙafa tana fuskantar direba saboda birkin gaggawa, ba a yin bayan gida mai nauyi a ban-ɗakin mota, kuma wanda ya makara lokacin tashi sai ya bi sahu da kuɗin aljihunsa. Manajan rangadi ke riƙe da jadawali, shi ke raba kuɗin abinci na kullum.

Yinin yana farawa da sauke kaya da safe, gwajin sauti da la'asar, wasa da dare. Aikin mai hoto kuwa bayan wasa yake tsananta. Wasu na barci, shi yana zaune a falon bas da kwamfuta a cinya, mota na girgiza, yana tace hotuna dubu ɗaya ko biyu ya fitar da 'yan ashirin, saboda ƙungiya na so ta sa su a Instagram kafin gari ya waye. Yanzu ma akan buƙaci ya haɗa da gajerun bidiyo.

Hanya na da haɗarinta. Ranar 27 ga Satumbar 1986 bas ɗin Metallica ta kife a kudancin Suwidin, Cliff Burton mai jitar bes ya rasu. A bikin Roskilde na ƙasar Denmak a 2000, mutum tara sun mutu a turmutsutsu a gaban dandamali lokacin wasan Pearl Jam.

Kan iyaka da takardu

Mai tsallaka ƙasa da kayan aiki yakan buƙaci takardar kwastan da ake kira ATA Carnet, wadda ke ɗauke da lambar kowace kyamara da gilashi, tana aiki shekara guda, tana kuma shaida cewa kayan za su fito yadda suka shiga, ba sayar da su za a yi ba. Tun daga Janairun 2021, bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, ma'aikatan rangadi 'yan Birtaniya sun faɗa cikin wannan ɗawainiya, ga kuma iyakar kwana 90 cikin kowane kwana 180 a yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da suka cire shingen kan iyaka a tsakaninsu. Amurka na buƙatar bizar aiki ga mawaƙan waje da ma'aikatansu. Batiran litiyam na ajiya ba a sa su cikin kayan da ake aunawa a filin jirgi, a jakar hannu ake riƙe su. Wani lokaci kuma siyasa ce ke tare hanya: ƙungiyar Mdou Moctar ta Nijar, masu kiɗan jitar Buzaye, tana rangadi a Amurka aka yi juyin mulkin Yulin 2023 aka rufe iyakoki, suka kasa komawa gida na wani lokaci.

Haƙƙin mallaka

A dokar Amurka da Birtaniya, wanda ya ɗauki hoto shi ke da haƙƙinsa, sai idan ma'aikacin wani ne ko ya sa hannu ya sallama. Wannan ne ya sa tsofaffin masu hoto irin su Gruen da Preston suke cin gajiyar aikin shekara hamsin da suka wuce, ta hanyar littattafai, nune-nune da sayar da hotuna masu sa hannunsu. Na yanzu kuwa sau da yawa a bakin ƙofa ake miƙa musu takarda: ko su yarda hoton ya fito sau ɗaya a jarida ɗaya, ko su sallama wa mawaƙi haƙƙin baki ɗaya ba tare da ko sisi ba. A 2012 wasu masu hoto a Birtaniya sun ƙaurace wa wasannin Stone Roses saboda irin wannan takarda. A Yulin 2015 jaridar Washington City Paper ta ƙi tura mai hoto wasan Foo Fighters, jaridar Le Soleil ta Kebek a Kanada kuma ta tura mai zanen barkwanci ya zano mata wasan da hannu.

Wayar hannu ta ƙara dagula lissafi, tunda dubban 'yan kallo suna ɗauka daga farkon wasa har ƙarshe, alhali an sallami ƙwararru tun waƙa ta uku. Wasu mawaƙan sun bi ta wata hanyar. A rangadinsa na 2018, Jack White ya sa an kulle wayoyin 'yan kallo cikin 'yan jakunkunan kamfanin Yondr tun daga ƙofa, aka sanar da su cewa duk mai son hoton wasan ya je shafin mawaƙin ya ɗauki wanda mai hoton rangadin ya sa.