Waiwaye: Jiran Takardar Zama Ɗan Ƙasa a Amurka, daga 1790 zuwa Yau

Duk wanda ke da ɗan'uwa a Amurka ya saba da amsar da ake samu idan aka tambaye shi yaushe zai zo gida ya daɗe, ko yaushe zai ɗauko mahaifiyarsa ta zauna tare da shi: yana jiran takardu. Mutanen gida kan ɗauka jira ɗaya ne, alhali kuwa biyu ne. Na farko doka ce ta yanka shi, wato shekara 5 da izinin zama na dindindin, wanda ake kira girin kad, ko shekara 3 ga wanda ke aure da ɗan ƙasar. Na biyu yana farawa ne daga ranar da mutum ya miƙa fom mai lamba N-400 ya biya kuɗi, ya bi ta ɗaukar zanen yatsu da ganawa da jami'i da jarrabawa, har zuwa ranar da zai ɗaga hannu ya yi rantsuwar biyayya. Jira na farko bai canza ba fiye da shekara 200, amma na biyu ya yi ta hawa da sauka, wani lokaci wata 5, wani lokaci sama da shekara 2, gwargwadon siyasar zamanin da kuɗin da ke aljihun hukuma da kuma tsoron da ya kama ƙasar.

Dokar farko, ta 1790, ta nemi zaman shekara 2 kacal, sai dai ta keɓe damar ga 'yantattun fararen fata. A 1795 aka mai da wa'adin shekara 5, a 1798 kuma aka kai shi shekara 14, lokacin da jam'iyya mai mulki ke fargabar cewa sababbin baƙi za su jefa wa abokan hamayyarta ƙuri'a. Bayan da mulki ya sauya hannu, dokar 1802 ta dawo da shekara 5, kuma a nan abin ya tsaya. 'Yan asalin Afirka ba su samu shiga ba sai a 1870, sannan ba a cire sharaɗin launin fata gaba ɗaya ba sai a 1952. A tsawon wannan zamani kotuna ne ke ba da takardar, kowace da irin tata al'ada, har dokar 1906 ta kafa ofishin tarayya ta kuma daidaita fom ɗin da ake cikawa.

Matsalar da ake fama da ita yau ta samo asali ne daga sauye-sauyen da suka biyo bayan 1986. A shekarar ce aka yi dokar afuwa wadda ta halatta zaman mutum kusan miliyan 2.7 da ke ƙasar ba bisa ƙa'ida ba, kuma kowa ya san cewa bayan 'yan shekaru za su cika sharaɗin neman zama 'yan ƙasa a lokaci guda. Dokar 1990 ta ɗauke ikon yanke hukunci daga hannun alƙalai ta miƙa shi ga hukumar shige da fice ta wancan lokaci, INS, da nufin a rage cunkoson kotuna a kuma hanzarta aiki. Ita ce kuma ta kawo cacar biza, wadda ta buɗe ƙofa ga ɗimbin 'yan Afirka daga Gana da Nijar da Kamaru da Najeriya, kafin a cire Najeriya daga cacar 2015 saboda yawan 'yan ƙasarta da suka riga suka samu shiga. A cikin dokar akwai wani sashe da ya kamata duk mai nema ya sani: idan hukuma ba ta yanke hukunci ba cikin kwana 120 bayan ganawa, mai nema na da ikon kai ƙara kotun tarayya, alƙali ya yanke da kansa ko ya umarci hukuma ta yanke. Kariya ce ta gaske, amma ƙirgar kwanakin ba ta farawa sai an yi ganawar, kuma dokar ba ta ce komai ba game da yaushe za a kira mutum.

A tsakiyar shekarun 1990 ambaliyar ta iso. Waɗanda aka yi wa afuwa sun cika wa'adi, masu zaɓe a jihar Kalifoniya sun amince a 1994 da ƙudurin hana baƙi marasa izini wasu ayyukan gwamnati, sannan dokar tallafi ta 1996 ta yanke wa masu girin kad da yawa taimakon da suke samu. Mutanen da suka yi shekara 20 ba su damu da neman takardar ba sai ga su a layi. Buƙatun da ba su wuce dubu 200 da 'yan kai ba a 1991 suka haura miliyan ɗaya a 1996. Gwamnatin Bill Clinton ta ƙaddamar da shirin gaggawa a 1995, aka rantsar da sama da mutum miliyan ɗaya a shekarar kasafi ta 1996, amma daga baya aka gano cewa mutum kimanin 180,000 sun samu takardar ba tare da an kammala binciken zanen yatsunsu a hukumar FBI ba. 'Yan adawa suka ce an yi hanzarin ne don a samu ƙuri'u a zaɓen shekarar, Majalisar Dokoki ta wajabta cewa ba za a rantsar da kowa ba sai binciken ya dawo, aka kuma ƙara matakai da yawa na tantancewa. Zuwa 1998 fayilolin da ke jira sun kusa miliyan 2, jiran ya haura shekara 2 a manyan birane, kuma a farkon 1999 kuɗin fom ya tashi daga dala 95 zuwa 225. Laifin gaggawar na hukuma ne, amma waɗanda suka biyo baya a layi ne suka ɗanɗana kuɗarsa.

A shekarar 2000 Majalisa ta rubuta a doka cewa ya kamata a kammala irin wannan buƙata cikin kwana 180, sai dai ta rubuta shi a matsayin ra'ayinta, ba umarnin da za a kama hukuma da shi ba. Shugaba George W. Bush ya yi alƙawarin dala miliyan 500 cikin shekara 5 don a sauko da jiran zuwa wata 6. Harin 11 ga Satumban 2001 ya sauya komai. Aka rushe INS, aka kafa USCIS, hukumar da ta gaji aikin ba da takardar zama ɗan ƙasa, a ƙarƙashin sabuwar Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida a ranar 1 ga Maris 2003, kuma tun kafin nan, a ƙarshen 2002, an sake tura wa FBI sunaye miliyan 2.7 a zurfafa bincike a kansu.

Yadda wannan bincike ke gudana ya shafi masu sunaye irin namu kai tsaye. Kwamfuta na neman sunan mutum da duk sigogin da za a iya rubuta shi da su, da kuma waɗanda suka yi kama da shi a furuci. Idan ya yi daidai da wani suna da ya taɓa bayyana a wani fayil, ko da a matsayin shaida ne ko wanda aka zalunta, sai ma'aikaci ya nemo fayil ɗin, sau da yawa na takarda a wani ofishi mai nisa, ya karanta da idonsa. Mai suna Muhammad Abubakar ko Ibrahim Usman, wanda ake rubuta sunansa ta hanya huɗu ko biyar kuma yake da dubban takwarori a duniya, ya fi kowa haɗarin maƙalewa. A tsakiyar 2007 sunaye sama da 300,000 ne ke jiran amsa, wasu sun shekara 3 ko fiye. Da mutane suka yi ta kai ƙara bisa sashen nan na kwana 120, sai USCIS ta yanke a 2006 cewa ba za ta ƙara kiran kowa ganawa ba sai binciken sunansa ya dawo. Ta haka aka mayar da jiran zuwa ɓangaren da doka ba ta ƙirga kwanakinsa, kuma a ganina wannan ne mataki mafi muni a duk tarihin, domin ya raba mai nema da makamin da Majalisa ta ba shi. Ba a sanar da share tulin sunayen ba sai a watan Yunin 2009.

Ana cikin haka aka ƙara kuɗi. Daga ranar 30 ga Yulin 2007 jimillar abin da ake biya ta tashi daga dala 400 zuwa 675, jama'a suka yi rububin miƙa fom kafin ranar, buƙatun shekarar suka kai kusan miliyan 1.4, hukumar da kanta ta yi hasashen jira na wata 16 zuwa 18, ga zaɓen shugaban ƙasa na 2008 na tafe. A 2008 ɗin kuma aka soma wani shiri na cikin gida mai suna CARRP, wanda ke ware fayil ɗin duk wanda aka yi wa kallon mai alaƙa da barazanar tsaro ba tare da an sanar da shi ba. Ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ta ACLU ta fitar da rahoto a 2013 cewa Musulmi ne shirin ya fi kamawa, kuma a 2017 aka shigar da ƙarar haɗin gwiwa a kansa a birnin Seattle.

Asalin raunin hukumar shi ne cewa kusan duk kuɗin da take aiki da shi daga aljihun masu nema yake fitowa, Majalisa ba ta ba ta sai ɗan abin da ba a rasa ba. Annobar korona ta fito da wannan fili. An rufe ofisoshi daga 18 ga Maris zuwa farkon Yunin 2020, kuɗin shiga ya faɗi, hukumar ta yi barazanar dakatar da ma'aikata kimanin 13,000, wasu wuraren kuma aka riƙa rantsar da mutane suna zaune cikin motocinsu. Abin da ya fi ba da tausayi shi ne batun kogunan dutse na yankin Kansas City, inda hukumar adana kayan tarihi ke ajiye miliyoyin fayilolin baƙi a ƙarƙashin ƙasa. Ba a ganawa da mai nema sai fayil ɗinsa na takarda na gaban jami'i, amma saboda annobar ma'aikata kaɗan ake bari su shiga kogunan. A farkon 2022 buƙatun fito da fayil kimanin 350,000 ne suka taru, wato mutum ya cika kowane sharaɗi, ya haddace amsar tambayoyi 100 na jarrabawa, abin da ya tsare shi kawai shi ne ba a samu wanda zai ɗauko kwalin da takardunsa ke ciki ba. Matsakaicin jira ya kai wata 11 da rabi a 2021.

Abin da ya biyo baya ya nuna cewa jinkirin ba ƙaddara ba ne. A watan Maris 2022 hukumar ta ɗora wa kanta wa'adin wata 6, ta ɗauki ma'aikata, ta rage kiran mutane su sake ba da zanen yatsun da take da shi a ajiye, ta ƙarfafa miƙa fom ta intanet. An rantsar da mutum kusan 970,000 a shekarar kasafi ta 2022, kuma zuwa 2024 matsakaicin jira ya sauko kusan wata 5, ba tare da an sassauta sharaɗi ko ɗaya na doka ba.

Asarar da jinkiri ke jawowa ba ta tsaya ga rasa damar zaɓe ba. Ɗan ƙasa ne kaɗai ke iya nema wa iyayensa izinin zama, don haka kowane watan jira wata ne da ya ragu a rayuwar tsohuwar da ke gida. Yaron da ke da girin kad yana zama ɗan ƙasa kai tsaye idan mahaifinsa ko mahaifiyarsa suka yi rantsuwa kafin ya cika shekara 18, amma idan ranar haihuwarsa ta riga ranar rantsuwar, ko da mako guda ne, sai ya cika nasa fom ya biya nasa kuɗi ya shiga nasa layi. Mai jira kuma ba ya sakin jiki ya yi doguwar tafiya, domin zaman da ya wuce wata 6 a waje na iya karya lissafin zamansa, shi ya sa za ka ga mutum ya zo jinyar mahaifinsa ko zaman makoki yana ƙirga kwanaki.

A 2025 iska ta sake juyawa. A watan Agusta aka dawo da binciken unguwa, inda jami'i zai iya tambayar maƙwabta da abokan aiki halin mai nema, abin da aka jingine tun 1991. Waɗanda suka miƙa fom daga 20 ga Oktoba suna fuskantar sabuwar jarrabawa mai tambayoyi 128, a yi musu har 20, su amsa 12 daidai. A farkon Disamba aka dakatar da duba buƙatun 'yan ƙasashe 19 da aka taƙaita wa shiga Amurka, ciki har da Chadi da Sudan, aka soke bikin rantsuwar wasu da suka riga suka ci jarrabawa suka karɓi takardar gayyata, sannan a tsakiyar watan aka ƙara Nijar da Najeriya cikin jerin ƙasashen da aka taƙaita wa shiga. Wanda aka riga aka gana da shi yana da sashen kwana 120 a hannunsa. Wanda ba a kira ba kuwa, abin da ya rage masa shi ne ya ɗauki lauya ya roƙi kotun tarayya ta tilasta wa hukuma yin aikinta, ya kuma gamsar da alƙali cewa jiran ya wuce hankali, bayan kuɗin fom, dala 710 ko 760, da ya riga ya biya.