Aikin shirya minista domin amsa kiran majalisa

Wannan wani ɓangare ne na aikin gwamnati da ake yi a cikin ma'aikata domin minista, ko kwamishina idan a jiha ne, ya iya tsayawa gaban 'yan majalisa ya yi bayanin abin da ma'aikatarsa ta yi da kuɗin jama'a da kuma ikon da doka ta ba ta. Masu yin aikin yawanci ba a ganinsu a talabijin, su ne babban sakatare da daraktoci da mai ba ma'aikata shawara kan shari'a da masu taimaka wa minista na musamman da jami'in hulɗa da majalisa, kuma a wasu lokuta a kan ɗauko ƙwararru daga waje su zo su gyara tsarin baki ɗaya. Minista shi zai yi magana, amma abin da zai faɗa a hannun waɗannan mutanen aka dafa shi, in sun ba shi gaskiya majalisa ta ji gaskiya, in sun ɓoye masa to shi ma ɓoyewar zai kai.

Asalinsa

Tsarin daga Ingila aka gado shi. Can ka'idar ita ce minista shi ke ɗaukar alhakin duk abin da ya faru a ma'aikatarsa ko da bai san lokacin da aka yi ba, ma'aikaci kuma ya yi aikinsa a bayan fage ba ruwansa da jam'iyya. Kwamitin binciken asusun gwamnati na majalisarsu tun 1861 aka kafa shi. A 1954 ministan noma Sir Thomas Dugdale ya ajiye aiki saboda yadda jami'an gwamnati suka yi da wani fili da aka karɓa daga masu shi, a 1982 kuma Lord Carrington ya sauka daga ministan harkokin waje bayan Ajantina ta mamaye tsibiran Fokland. Shi ya sa kowane minista a can yana da ƙaramin ofishi na kansa da ke tace takardu da shirya amsar tambayoyi, da yamma a zuba masa a jan akwati ya tafi da su gida ya karanta.

A Najeriya kuwa a nan Legas aka fara. Daga samun 'yancin kai a 1960 zuwa ƙarshen jamhuriya ta farko a 1966, majalisa tana zama ne a gefen filin sukuwa wanda yanzu ake kira dandalin Tafawa Ɓalewa, kuma duk wanda yake minista to ɗan majalisa ne, yana zaune a cikin zauren ana jefo masa tambaya yana miƙewa yana amsawa. Su Muhammadu Ribaɗu da Inuwa Wada da Maitama Sule da Shehu Shagari duk a haka suka yi aiki, har da Musa 'Yar'aduwa wanda ya riƙe ministan harkokin Legas ɗin kanta. Da aka koma tsarin shugaba mai cikakken iko irin na Amurka a 1979 sai abin ya canza, minista ya zama baƙo a majalisa, sai an gayyace shi yake shiga. Babban birni ya koma Abuja a Disambar 1991, amma manyan hukumomi irin su hukumar tashoshin jiragen ruwa da ke Marina suna nan har yau, shi ya sa kwamitocin majalisa ba sa rabuwa da zuwa tashar jiragen ruwa ta Apapa ziyarar sa ido.

Abin da doka ta ce

Kundin tsarin mulki na 1999 bai bar abin a duhu ba. Sashe na 147 ya ce shugaban ƙasa ke naɗa minista amma sai majalisar dattawa ta amince, a samu aƙalla ɗaya daga kowace jiha, kuma in ɗan majalisa ne aka naɗa to da ya yi rantsuwa ya bar kujerarsa ke nan. Sashe na 67 ya ce in ɗaya daga cikin majalisun biyu ta gayyaci minista ya zo ya yi bayanin yadda ma'aikatarsa ke tafiya to zai zo. Sai sashe na 88 da na 89, waɗannan su ne haƙoran majalisa, sun ba ta ikon bincike da kiran kowa ya ba da shaida ko ya kawo takardu, in ya ƙi zuwa ba dalili a ba da sammaci 'yan sanda su kawo shi. Amma ikon yana da iyaka kuma mai ba da shawara dole ya san iyakar, domin sashe na 88 ɗin ya ce binciken ana yinsa ne don yin doka ko gyara ta, ko don bankaɗo cin hanci da gazawa da almubazzaranci. Majalisa ba kotu ba ce, ba ta ɗaure mutum kan laifin da ta gano, ba ta kuma iya korar minista, iyakarta ta yanke ƙuduri ta ce a cire shi, shugaban ƙasa ya ga dama ya bi ko ya ƙi.

A jiha ma haka abin yake, sai dai lambobin sassan ne suka bambanta, 128 da 129 na bincike, 192 na naɗin kwamishinoni. Majalisar dokokin Legas da ke Alausa a Ikeja tana da mambobi 40, majalisar dattawa 109, ta wakilai 360 wanda a ciki Legas ke da 24. Wanda ke ganin tantancewa wasa ce ya tuna watan Agustan 2023, lokacin da majalisar Legas ƙarƙashin kakakinta Mudashiru Obasa mai wakiltar Agege ta amince da mutum 22 ta ƙi 17 cikin 39 da gwamna Sanwo-Olu ya aika mata.

Yadda aikin yake a cikin ma'aikata

Yawanci da wasiƙa ake farawa. Akawun kwamiti zai rubuto ya ce ana neman minista rana kaza ƙarfe kaza, ya zo da takardu kaza da kaza kwafi masu yawa, wani lokaci kwana uku ko huɗu kacal suka rage. Wasiƙar za ta shiga rajista a buga mata hatimi a buɗe fayil, babban sakatare ya yi rubutu a kai ya tura wa daraktan da abin ya shafa, shi kuma ya tura ƙasa, to a nan ne ake gane ma'aikatar da ke da tsari da wadda ba ta da shi, don a wani wurin wasiƙar sai ta kwana biyu a kan tebur ɗin wanda ya tafi hutu ba wanda ya sani, ranar zama ta zo minista bai je ba, jaridu su buga cewa ya raina majalisa alhali shi ko labari bai samu ba.

Inda ake da tsari, akwai mutum ɗaya da aka ɗora wa bin duk wata takarda da ta fito daga majalisa, yana da rajistarsa, ranar da ta shigo, wa aka ba, yaushe amsa za ta fita. Daga nan a haɗa wa minista taƙaitaccen bayani, shafi biyu ko uku, abin da ya faru da abin da doka ta ce da alƙaluman kuɗi, a bayansa kuma a jero tambayoyin da ake zaton za a yi masa musamman masu zafin, waɗanda ba ya son ji. Mai ba da shawara nagari shi ne wanda zai zauna da oga daren ranar ya ce ranka ya daɗe wannan kwangilar an biya kaso mai yawa amma aikin bai kai inda aka rubuta ba, za su tambaye ka, kuma gara ka faɗa da bakinka kafin su nuna maka hoto. Wannan maganar tana da wuyar faɗa ga wanda abincinsa ke hannun mai gidan, amma ita ce aikin, sauran duk rakiya ne.

A zauren kwamiti kuma za ka ga minista a gaba da makirfo, babban sakatare a gefensa, daraktan kuɗi a baya da tarin fayil a cinya, an yi tambaya kan wani adadi sai ka ga ɗan guntun takarda ya biyo hannu hannu har ya iso gaban minista. In ba a da amsa a wurin, abin da ya dace shi ne a nemi lokaci a kawo a rubuce, kuma a kawo ɗin da gaske, domin yaudarar majalisa ya fi rashin sani muni nesa ba kusa ba.

Lokacin da aikin ya fi zafi shi ne na kare kasafin kuɗi. Shugaban ƙasa ko gwamna ya gabatar da bajet, sai a raba wa kwamitoci, kowace ma'aikata ta zo ta faɗi nawa aka ware mata bara, nawa aka saki, nawa ta kashe, me ta yi da shi, sannan me take nema bana. Bambancin da ke tsakanin abin da aka ware da abin da aka saki shi ne inda yawancin rigima take, mutane da yawa suna jin an ce an ware biliyan kaza wa hanya sai su ɗauka kuɗin sun shiga hannu, alhali wani lokaci ko rabi bai fito daga baitulmali ba.

Wa ke riƙe da alhakin kuɗi

Minista shi ne shugaban siyasa, amma babban sakatare shi ne jami'in da ke amsa tambayar kuɗi. An taɓa juya abin a 1988 zamanin Babangida, dokar soja mai lamba 43 ta mayar da babban sakatare darakta janar ta ɗora alhakin kuɗi a kan minista, daga baya kwamitin Allison Ayida da gwamnatin Abacha ta kafa ya ba da shawara aka koma tsohon tsari. Shi ya sa idan babban mai binciken kuɗi na ƙasa ya fitar da rahotonsa kamar yadda sashe na 85 ya tanada, babban sakatare ne ke zuwa gaban kwamitin asusun gwamnati ya amsa kweri, wato tambayoyin da rahoton ya tayar kan kuɗi, ɗaya bayan ɗaya, kuma a al'ada ɗan adawa ne ke shugabantar wannan kwamitin. Matsalar ita ce rahoton yakan makara da shekaru, ya zo lokacin da wanda ya sa hannu ya yi ritaya ko an canza masa ma'aikata, sabon da ya zo ya tarar da fayil ba rasit. Dokar sayen kayan gwamnati da dokar kula da kashe kuɗi, duka na 2007, sun ƙara yawan takardun da dole a ajiye, haka ma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa wa duk ɗan ƙasar da ya nemi bayani.

Inda ake samun saɓani

Ba kullum ake rabuwa lafiya ba. A watan Maris 2017 majalisar dattawa ta ƙi sauraron shugaban kwastam Hamid Ali saboda bai zo da kaki ba, a 2018 kuma sufeton 'yan sanda Ibrahim Idris ya ƙi amsa gayyatarta har sau uku. A irin wannan tirka-tirkar ana ta maganar girma da raini, tambayar da ta kawo zaman ita kuma ta bi ruwa. Su ma 'yan majalisa ba a wanke suke ba. Bayan zanga-zangar tallafin mai ta Janairun 2012 wadda ta cika unguwar Ojota ta Legas da mutane, majalisar wakilai ta kafa kwamiti ƙarƙashin Faruk Lawan ya tono ɓarna mai yawa, amma shi kansa shugaban kwamitin daga baya kotu ta same shi da laifin karɓar cin hanci a 2021. Saboda haka ɗaya daga cikin ayyukan mai ba da shawara shi ne ya kare ma'aikata daga buƙatun da ba sa kan doka, na gurbin aiki ko na kwangila da ake cusawa ta bayan gida, hanyar kuwa ita ce komai ya zama a rubuce ya bi ta ofis.

Akwai kuma yawan kwamitoci, minista ɗaya sai a kira shi wuri uku a rana guda kan magana ɗaya. A nan jami'in hulɗa ke amfani, shi da masu taimaka wa shugaban ƙasa kan harkokin majalisa, su daidaita rana a san wanda zai wakilta in kwamiti ya yarda da wakilci.

Abin da ya shafi mazauna Legas

Mu da ke zaune a Agege da Idi Araba da Obalende da Mile 12 da Alaba Rago abin nan ya shafe mu kai tsaye ko da ba mu taɓa taka Alausa ba. Dokar hanya ta 2012 da ta sufuri ta 2018 waɗanda a kansu aka dogara wajen hana acaɓa a 2020 da 2022, majalisar jiha ce ta yi su, ma'aikatar sufuri ke aiwatarwa, kuma dubban 'yan Arewa ne abin ya taɓa abincinsu. Haka maganar tashin kasuwa ko rufe ta saboda shara, ko harajin da ake karɓa a mayanka ta Oko-Oba, ko layin tankoki a Apapa, kowanne akwai kwamishina ko minista da majalisa za ta iya kira a kai.

Hanyar ita ce ƙorafi a rubuce. Shugabannin kasuwa ko ƙungiyar direbobi su rubuta, su sa hannu da suna da adireshi, su haɗa da rasit da hotuna da kwanan wata, su miƙa ta hannun ɗan majalisar mazaɓarsu ya gabatar a zaure a tura wa kwamitin koke-koken jama'a. Daga nan wasiƙa za ta tafi ma'aikata ta faɗa hannun waɗancan jami'an da aka ambata a sama. Haka kuma in ana zaman jin ra'ayin jama'a kan ƙudirin doka ƙofa a buɗe take, kuma rashin zuwanmu yana cutar da mu, don ba daɗi a ce an gama dokar da ta shafi kasuwa ba a ji ta bakin waɗanda ke sauke tumatir da albasa da asuba ba. Wanda zai je ya tafi da takardarsa kwafi biyu, ya miƙa ɗaya wa akawun kwamiti, ɗayar a buga masa hatimin karɓa da kwanan wata ya riƙe, da ita zai bi sawu in an yi shiru.