Waiwaye: Yadda ɓera da kyanwa suka addabi tsuntsayen tsakiyar teku

Akwai wani dangin tsuntsaye da kusan duk rayuwarsu a saman teku suke yin ta, wato petrel da shearwater da babban yayansu albatros. Ana gane su da hanci mai kama da bututu a saman baki, ta nan suke fitar da gishirin ruwan da suka sha. A 2006 masana sun bi sawun wata baƙar shearwater mai sheƙa a Niyu Zilan, suka tarar tana cin kilomita 64,000 a shekara. Duk wannan ƙarfin fiffike, ƙwai ɗaya tak take sakawa, galibi a cikin rami, a tsibirin da tun asali babu dabba mai cin nama. Iyaye kan bar ɗan tsako shi kaɗai kwana da kwanaki suna neman abinci. Bai san gudu ba, bai san faɗa ba, don kakanninsa ba su taɓa buƙatar hakan ba.

Jiragen ruwa ne suka kawo musu masifa. A tsibirin Bamuda da ke tekun Atlantika, matuƙan Sifaniya sun saki aladu tun ƙarni na 16, sannan Ingilishi suka zauna a 1612 da karnuka da kyanwoyi, ɓeraye kuma suka biyo kaya. Da yunwa ta matsa wa mutanen, suka koma cin petrel ɗin tsibirin, wanda ake kira cahow, kamar ba zai ƙare ba. Kafin shekarun 1620 su wuce, an daina ganinsa. Shekara sama da ɗari uku ana lissafa shi cikin waɗanda suka shuɗe, sai a 1951 masana Robert Cushman Murphy da Louis Mowbray, tare da wani yaro ɗan shekara 15 mai suna David Wingate, suka gano sauransa a wasu ƙananan duwatsu. Ma'aurata 18 kawai suka rage. Wingate ya ƙarar da ƙuruciyarsa da tsufansa a kansu: ya gina musu ramuka na siminti, ya sa wa bakin kowane rami katako mai ƙofa daidai jikin cahow, yadda wani tsuntsu mafi girma ba zai kutsa ya kashe tsakon ba. Yau ma'auratan sun haura 150. Shekara saba'in da ɗoriya ke nan ana wahala, abin da ƙwai ɗaya a shekara ke iya bayarwa ke nan.

Labarin tsibirin Marion na Afirka ta Kudu ya fi ban takaici, domin maganin ne ya zama cuta. Ɓeraye sun dami ma'aikatan tashar yanayi, sai a 1949 aka kai kyanwoyi biyar. Kyanwa ta ga tsuntsu zaune a rami, ina ruwanta da bin ɓera? Zuwa 1977 sun kai kimanin 3,400, suna kashe tsuntsaye wajen 450,000 duk shekara. An sakar musu cuta, an harbe su da dare, an ɗana tarko, an sa guba, sai a 1991 aka ga bayansu. Ɓerayen kuwa suna nan, har sun koyi hawa kan 'ya'yan albatros da dare suna gaigayar musu fatar kai, tsuntsun na raye.

A teku ma ba a bar su ba. Jiragen kamun kifi na shimfiɗa igiya mai dubban ƙugiyoyi, tsuntsu ya sure abincin ƙugiya kafin ta nutse, ta ja shi ƙasa. Wannan ya haifar da yarjejeniyar ACAP ta kare albatros da petrel, wadda aka sa wa hannu a 2001 ta fara aiki a 2004. Maganin ba shi da tsada: a jefa ƙugiya da dare, a ƙara mata nauyi, a rataya igiyoyi masu kaɗawa don korar tsuntsaye. Abin da ke wuya shi ne sa ido a kan jirgin da ke tsakiyar teku. Ga kuma fitilun birane masu rikita 'yan tsaki a tashinsu na farko, ga leda da roba da iyaye ke ɗura wa 'ya'yansu bisa zaton abinci ne.

A ganina, inda aka fi samun riba shi ne share tsibirai daga ɓeraye, ko da yake caca ce. A tsibirin Jojiya ta Kudu da ke kudancin Atlantika, jirage masu saukar ungulu sun watsa guba fiye da tan 300 tsakanin 2011 da 2015, aka bi da karnuka masu shinshina, aka tabbatar a 2018 cewa babu ɓera. A tsibirin Gough kuwa, inda ake kiyasin asarar ƙwai da tsaki kusan miliyan biyu a shekara, ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya, RSPB, ta yi irin wannan aiki a 2021, amma a Disambar shekarar kyamara ta ɗauko ɓera da ransa. Yanzu Afirka ta Kudu na shirin gwada nata a Marion, tsibirin da ya ninka Gough girma fiye da sau huɗu.