Ma'anar MIDI: saƙon da ke sa fiyano kaɗa kanta

Ɗan yayata yana da ɗan shago a ƙauyenmu, kusa da Ringim, inda yake haɗa wa mutane waƙoƙin biki da na siyasa. Bara ya sayo wata tsohuwar kwamfuta daga Kano, ga kuma fiyanonsa ƙirar Yamaha da ya daɗe yana lallaɓawa. Wata rana na iske shi ya yi tagumi, janareto na ta shan mai a banza. Ya ce, "Kawu, an ce kwamfuta za ta iya kaɗa fiyanon nan da kanta ta hanyar MIDI, amma na ƙulla waya ko tari ba ta yi ba."

Yaran situdiyo na yawan faɗin kalmar, sai dai da yawansu sun ɗauka wani irin sauti ne. A'a. MIDI yarjejeniya ce da masu ƙera kayan kiɗa suka yi a 1983, bisa jagorancin Dave Smith na Amurka da Ikutaro Kakehashi na kamfanin Roland a Japan, domin na'urorin kamfanoni daban-daban su riƙa jin yaren juna. Abin da ke bi ta cikin wayar umarni ne kawai: danna maɓalli kaza, da ƙarfi kaza, yanzu sake shi. Awo ne ake aika wa tela, ba riga ba. Kowane maɓalli yana da lamba daga 0 zuwa 127, haka ma ƙarfin dannawa, kuma waya ɗaya tana ɗaukar layi 16, wato ganga da sarewa da garaya kowa da nasa. Tun da umarni ne kawai ba sauti ba, waƙa guda za ta fito da armashi a fiyano mai tsada, a jona ta da mai araha ka ji kamar ana buga gwangwani.

Inda yaron ya sha ƙasa shi ne kafar siriyal, wannan mai allurai tara da ke bayan tsofaffin kwamfutoci. Ita ma ɗigo-ɗigo take aika bayani, ɗaya na bin ɗaya, kamar dai MIDI, don haka ya ga ai da ƙulla waya magana ta ƙare. Amma gudunsu ya sha bamban. MIDI na tafiya ne a kan ɗigo 31,250 cikin daƙiƙa, ita kuwa siriyal lambobin da ta saba da su irin su 9,600 ne da 19,200 da 38,400. Duk wanda ya taɓa ganin mata biyu na lugude a turmi ɗaya ya san abin da ke faruwa idan saukar taɓarensu ba ta zo daidai ba. Ga kuma bambancin wuta: siriyal da hawa da saukar ƙarfin lantarki take magana, MIDI kuwa ɗan siririn lantarki take turawa ya kunna wata mitsitsiyar fitila a cikin na'urar da ke karɓa, hasken ne ke isar da saƙon. Dabarar nan na burge ni, domin tana hana wutar na'urorin biyu haɗuwa, ta rage wannan gurnanin da ke addabar lasifika.

Da can ana sa ɗan akwati ne a tsakani, ya karɓa da gudun kwamfuta, ya tara, ya riƙa saki da gudun MIDI, kamar mazurari a bakin jarka. In aka antaya da yawa sai ya yi ambaliya, ka ji wani sauti ya maƙale yana kuka bai sauka ba. Wasu kayan Yamaha da Roland na shekarun 1990 ma an yi musu kafa ta musamman a baya wadda ke karɓa kai tsaye daga siriyal.

Ban ba shi shawarar neman akwatin ba, don samunsa yanzu sai an sha wuya. Na ce ya sayi wayar USB mai kawuna biyu zagayayyu, masu allurai biyar-biyar. Ya sayo ranar kasuwa, ya jona, shiru dai. Ashe kan da ke fitar da saƙo daga kwamfuta ya cusa a ramin fita da aka rubuta OUT a bayan fiyanon, maimakon na shiga, wato IN. Yana sauyawa ganga ta tashi, har mai shayin maƙwabta ya leƙo ya ga wa ke kaɗawa.