Waiwaye: Fannia Cohn da karatun ma'aikata a Amurka

Yanzu in ƙungiyar ƙwadago ta buɗe wa mambobinta aji ba wanda zai yi mamaki, amma a Amurka shekara ɗari baya sai da aka sha fama, kuma cikin waɗanda suka yi wannan faman akwai wata Bayahudiya, Fannia Cohn.

A 1885 aka haife ta a Kletsk, yanzu yana Belarus, lokacin kuwa daular Rasha ce ke riƙe da shi. 'Yar masu hali ce fa, ba yunwa ta kai ta kamfanin ɗinki ba, da ta iso New York a 1904 ita da kanta ta ajiye batun karatun haɗa magunguna ta shiga cikin 'yan mata masu keken ɗinki, galibinsu baƙi Yahudawa da Italiyawa, albashi ba yawa aiki kuma tun safe har dare. A 1909 kusan mutum 20,000 daga cikinsu suka tafi yajin aiki, sai ga gobarar kamfanin ɗinki na Triangle a 1911 ta ci mutum 146 don an kulle musu ƙofa.

To ita Fannia tunaninta shi ne yajin aiki kaɗai ba zai fishe su ba, ma'aikacin da bai san tarihi da tattalin arziki ba kullum wani ne zai yi magana a madadinsa. A 1916 ta zama mace ta farko mataimakiyar shugaba a ƙungiyar masu ɗinkin kayan mata ta ILGWU, daga 1918 kuma ta riƙe muƙamin sakatariyar sashen ilimi, aka riƙa yin ajin dare a makarantun gwamnati, ana koyar da Turanci da adabi da tarihin ƙwadago. Tana cikin waɗanda suka kafa kwalejin ma'aikata ta Brookwood a 1921.

Abin haushin dai, ƙungiyar da yawancin mambobinta mata ne maza ke jan ragamarta, kuma da yawansu suna ganin kuɗin karatun nan ɓarna ne. Kujerar mataimakiya ta suɓuce mata a 1925. A 1935 aka ɗauko Mark Starr aka ɗora shi daraktan sashen da ita ta gina, haka ta ci gaba da aiki a ƙarƙashinsa ba ta bar wurin ba, har aka sa ta ritaya a 1962, a watan Disamba na shekarar ta rasu.