Sabon shiga judo: tambayoyin da na gaji da maimaita amsarsu

Duk wanda ya zo yau, tambayoyinsa su ne na wanda ya zo jiya. Na amsa a bakin tabarmar horo, na amsa a waya, har muryata ta dishe. Ga su a rubuce, a karanta kafin a zo.

Sai na rage ƙiba na yi ƙarfi tukuna zan fara?

A'a. Zo yadda kake. Haki dai sai ka yi shi, ko da kullum kana gudu.

Za a koya mini naushi da shuri?

Babu su. Judo kamun riga ne da kayarwa da danne mutum a ƙasa, sai shaƙa da murɗe gwiwar hannu ga waɗanda suka yi nisa.

Mako uku ke nan ba abin da ake sa ni sai faɗuwa. Ba ɓata lokaci ba ne?

Wannan tambayar ce ke ɓata mini rai. Faɗuwar nan da kake rainawa, sunanta ukemi, kuma ita za ta mayar da kai gida da ƙafarka. Ka manna haɓarka a ƙirji, idonka a kan ƙullin bel ɗinka, ka doki tabarma da dukan hannu, ka saki numfashi. Abin da jiki ya saba yi da kansa shi ne ya miƙa tafi ya tari ƙasa, kuma a nan ake karya wuyan hannu ko a goce a kafaɗa. Wannan sabon ne muke so mu cire maka, shi kuwa ba ya fita a kwana biyu.

A Japan, inda wasan ya fito, 'yan makaranta fiye da 100 ne suka rasu a wajen judo tsakanin 1983 da 2011. Da yawansu sababbin shiga ne, kuma raunin kai ya fi yawa: a kayar da yaro ta baya, ƙeyarsa ta bugi ƙasa, jini ya taru a cikin kai. Saboda haka in na ce ka sake faɗuwa sau ashirin, ka sake.

Me zan sa?

Makon farko dogon wando da riga marar maɓalli sun isa. Daga baya ka sayi rigar judo mai kauri. Ka yanke farce, hannu da ƙafa. Ka cire zobe da agogo. Takalmi ba ya hawa tabarma, ƙafar da ta taka waje ma haka. Kuma don Allah a wanke rigar bayan kowane horo, fuskar wani za ta kwanta a kanta, cutar fata kuwa ba ta da wuyar yaɗuwa.

Yaushe zan samu baƙin bel?

Wannan alamar ƙwarewa ce, sai an yi shekaru. Koyi ɗaura farin tukuna.

Yaushe zan fara randori, kuma da wa?

To, wannan kam sai an zauna. Randori shi ne gwabzawar horo, inda kowa ke neman kayar da ɗan'uwansa ba tare da an tsara ba. Wasu malamai a makon farko suke saka mutum, wasu sai bayan wata biyu ko uku, kuma na ga waɗanda suka ƙware ta kowace hanya. Ni abin da nake dubawa shi ne faɗuwarka: in aka kayar da kai ba zato, ta dama ko ta hagu, haɓarka na sauka da kanta? In sai ka yi tunani, da saura. Amma ko wannan ma ba doka ba ce, don akwai wanda faɗuwarsa ta yi kyau shi kaɗai, da an kama rigarsa sai ya sandare kamar itace.

Gara ka fara daga ƙasa, ku durƙusa a gwiwa ku nemi danne juna. A nan babu nisan faɗuwa, kuma za ka ɗanɗana abin da ake nufi da a danne mutum daƙiƙa 20, wanda a gasa ya isa ya ba da nasara. Za ka ji kamar ba za su ƙare ba.

Batun abokin yi, mutane sukan ɗauka sabon shiga ɗan'uwansu ya fi sauƙi. Galibi ba haka ba ne. Sababbi biyu, kowa ya ƙanƙame hannu yana tsoron kunya, su suka fi ji wa juna ciwo. Mai baƙin bel zai kayar da kai sau goma, amma yana riƙe da hannun rigarka har ka sauka, kanka bai taɓa ƙasa ba. Na ce galibi, don akwai manya marasa tausayi, waɗannan ka kauce musu, ba laifi ba ne ka ce a'a. Wanda ya fi ka nauyi sosai ma ka dakata da shi, sai dai in malami ne ya haɗa ku.

In ka haura shekara arba'in, ko gwiwarka ko wuyanka ko bayanka sun taɓa samun matsala, lissafin ya canza. Ka ga likita, ka faɗa wa malaminka gaskiya tun ranar farko. Wataƙila ka daɗe a kan uchikomi, wato maimaita shiga kayarwa ba tare da an kayar ba, kuma wannan ba koma baya ba ne, zakaru ma kullum suna yin sa. Gwiwa ta fi lalacewa idan ka kafe ƙafa ka ƙi faɗuwa, abokinka kuma ya zubo nauyinsa a gefenta. In ka ji an ɗauke ka, ka bari ka faɗi.

Abu biyu ne ba na sassauci a kansu. In an shaƙe ka ko an kama gwiwar hannunka, ka bubbuga jikinsa ko tabarma sau biyu nan take, shi kuma ya saki nan take. In kanka ya bugu ka ji jiri ko ciwon kai ko tashin zuciya, horon ranar ya ƙare, sai asibiti, kuma ba dawowa sai likita ya yarda.

Mata suna yi?

Suna yi. Tun 1992 suke cin lambobi a gasar Olamfik. Ki sa farar riga a ciki, shi ke nan.

Jikina duk ciwo yake. Lafiya kuwa?

Lafiya lau. Yatsu, damatsa, wuya inda riga ta goge, duk za su yi tsami kwana biyu ko uku, sannan su saba. Ciwon da ke cikin gaɓa, mai suka ko kumburi, shi ne wanda za ka nuna.

Yaron da bai kai kafaɗata ba ya yi ta kayar da ni. Anya zan iya?

Za ka iya, kwantar da hankalinka. Jigoro Kano, wanda ya kafa judo a Tokyo a 1882, shi kansa ƙaramin mutum ne, kuma a kan haka ya gina wasan. Yaron bai ɗaga ka da ƙarfi ba. Ya jira ka taka, ya ɗan ja hannun rigarka har nauyinka ya koma kan yatsun ƙafa ɗaya, sannan ya share ta. Wannan jan shi ake kira kuzushi. In kun sake haɗuwa, ka saki kafaɗunka, ka lura da abin da hannunsa ke yi kafin ƙafarsa ta motsa.